Suna ɗaya, rubutu biyar: abin da ke hana rumbunan kwamfuta jituwa

Tun da kwamfuta ta fara maye gurbin manyan kundayen rajista a biro-biron gwamnati, da bankuna, da wuraren aika kuɗi, wata amsa ta zama ruwan dare a bakin masu zama bayan tebur: "Na'ura ba ta gan ka ba." Mutum yana tsaye da ransa da lafiyarsa, takardunsa a hannu, a ce masa babu shi. Malamin makaranta ya kai ga ritaya, a tarar shekarar haihuwarsa ta kundin ma'aikata ba ita ce ta kundin masu biyan albashi ba, kuɗinsa su tsaya wata da watanni. Dillalin bisashe a aiko masa kuɗin raguna daga Maraɗi, a hana shi a kan harafi ɗaya tak da ya raba sunan da aka aiko da wanda ke kan katinsa. Kowa ya juya yana zagin na'ura. Alhali kuwa na'ura abin da aka ɗura mata shi take mayarwa. Inda ɓarakar take, galibi, shi ne mahaɗa, wato wurin da rumbu ɗaya yake miƙa wa wani rumbun abin da ke cikinsa.

Rumbun bayanai, ga wanda bai saba da kalmar ba, ma'ajiya ce cikin kwamfuta inda ake jera labarin mutane ko na kaya layi-layi, kowane layi da gurabensa: suna, ranar haihuwa, gari, farashi da sauransu. Gundumar Dakoro, wadda ke sama da kilomita 100 arewa da Maraɗi, mai mutum fiye da dubu 600 a ƙidayar 2012, ta isa misali, domin labarin mutanenta a warwatse yake, wani a takarda, wani a kwamfuta. Takardun haihuwa, da na aure, da na mutuwa suna hannun ƙananan hukumominta 12. Alƙaluman gidajen likita suna hawa manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙera. Farashin hatsi da na bisashe ana tattara su a kasuwannin ƙasa a aika Yamai ta hannun SIMA da SIM-Bétail. Hukumar zaɓe ta CENI kuma ta ɗauki hoto da zanen yatsun masu zaɓe a 2020. Kowane rumbu da maginansa, da shekarar da aka gina shi, da mai ba da kuɗin da ya tsaya a kansa. Ranar da aka ce a haɗa biyu daga cikinsu, sai a kira matasan da suka karanci tsara manhaja a ce su ɗinke. Abin da ke tafe nasu ne, amma har da shugaban ma'aikatar da ke sa hannu a kan aikin, da ɗan kasuwar da ya sayi kwamfuta don lissafin kanti.

Babban tarko shi ne suna. Tun zamanin mulkin mallaka ake rubuta sunayen mutanen ƙasar nan da kunnen Faransanci, kowane magatakarda yadda ya ji. Muhammadu guda ɗaya ya fito Mahamadou, Mahamane, Mamane, Maman ko Mohamed. Yusufu ya zama Issoufou a wannan takarda, Youssouf a waccan. A'ishatu ta zama Aïchatou, ko Aïssatou, ko Aichatou ba ɗigo biyu. Garin kansa mutanensa suna cewa Dakwaro, takarda tana cewa Dakoro. A idon ɗan Adam duk waɗannan abu ɗaya ne. A idon kwamfuta kuwa, ko fili guda da yatsa ya bari a ƙarshen suna yana iya raba mutum da kansa.

Ba nan abin ya tsaya ba. Fom ɗin da aka gado daga Faransa yana da gurbin sunan dangi da na sunan yanka, alhali Bahaushe sunansa yake faɗa da na mahaifinsa. Wannan magatakarda ya sa sunan uba a gurbin farko, wancan ya sa shi a na biyu, sai Abdou Issa ya wayi gari Issa Abdou, wanda kuwa yana iya zama wani mutum ne daban mai rai a unguwa ɗaya da shi. A ƙara da sunan rana da laƙabi, su Ɗanjuma, su Ladi, su Tanko, waɗanda sau da yawa suka danne sunan yanka, da kuma Elhadji da ake liƙawa gaba bayan an dawo daga Makka. Daga nan kuskure iri biyu ke fitowa. Ko mutum ɗaya ya rabu biyu, ko mutum biyu su narke su zama ɗaya. Na farkon yana ɓata lokaci. Na biyun shi ne mugu, domin shi ke ɗora wa wani bashin wani, ya ba wani albashin wani, kuma ba ya yin ƙara; sai ranar da mai haƙƙi ya zo da kuka ake sani.

Saboda haka duk mai haɗa rumbu biyu a kan suna, ya yi gini a kan rairayi. Abin da ake haɗawa a kansa lamba ce, wadda aka ba mutum sau ɗaya, ba ta sakewa, ba a kuma mayar wa wani ita ko bayan ransa. Ya fi kyau lambar ta kasance ba ta nufin kome, kada a cusa shekarar haihuwa ko lambar gari cikinta, tunda shekara ana iya gyara ta, gari kuma ana barinsa. Wannan ne manufar shirin WURI na Bankin Duniya da aka shigar da Nijar cikinsa a 2020, wato ba kowane mutum lamba guda. Amma mai aiki a Dakoro ba zai naɗe hannu yana jiran babban shiri ba. Idan rumbu biyu kowane yana da lambobinsa, sai a gina ɗan jadawali na uku a tsakani, mai cewa lamba kaza ta nan ita ce lamba kaza ta can. Shi kuwa suna, a ajiye shi yadda yake a takardar asali, kada a taɓa. A buɗe masa gurbi na biyu don nema kawai, inda aka mayar da haruffa ƙanana, aka cire ɗigo-ɗigo da filin banza, aka mayar da "ou" ta zama "u". Da wannan gurbi na'ura za ta tsamo sunaye masu kama da juna ta jera. Yanke hukuncin cewa su ɗaya ne kuwa aikin mutum ne wanda ya duba sunan uwa, da gari, da takarda. Wanda ya bar wa na'ura wannan hukunci don ya gama da wuri, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsoffin tsare-tsaren haruffa na Yammacin Turai, irin su Latin-1 da Windows-1252, ba su san da su ba sam. Unicode ne ya ba su gurbi, kuma hanyar ajiye shi da ta game duniya ita ce UTF-8. Manhajar rumbu ta MySQL, wadda ake yawan amfani da ita, sai a fitowarta ta 8.0 a 2018 ta mayar da utf8mb4 tsarin da take farawa da shi. Kafin nan latin1 ne, kuma rumbunan da aka gina a wancan lokaci ba sa sauyawa da kansu. Mai gyara yana iya gane ciwon daga kamanninsa. Idan Maraɗi ta fito "MaraÉ—i", ƙasa ta fito "Æ™asa", Aïchatou ta fito "AÃ¯chatou", to da sauƙi: bayanin yana nan lafiya cikin UTF-8, mai karantawa ne yake karanta shi da tsohon tsari, a gyara saitin mahaɗa ya dawo daidai. Idan ɗan akwati ne ya tsaya a wurin harafin, galibi zanen haruffan da ke kan allon ne ba shi da shi. Amma in alamar tambaya ce zaune cikin rumbun kansa, harafin ya riga ya mutu tun wajen shiga, ba abin da zai dawo da shi sai komawa ga takardar asali. Abin lura, tsarin ya zama ɗaya tun daga fom ɗin shigarwa, da igiyar da ke kai bayani, da jadawalin rumbu, har fayil ɗin da ake fitarwa. Wuri ɗaya ya saɓa, ya ɓata sauran.

Ɗan waƙafin sama da ke tsaya wa hamza a Sa'adu, Rabi'u da A'i, ko a N'Guigmi da Birni N'Konni, shi ma yana da tasa fitinar. A harshen SQL da ake yi wa rumbu magana da shi, wannan alama ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Mai tsarawa in ya manna suna kai tsaye cikin umurni, na'ura za ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ta rasa abin yi da "adu", aiki ya tsaya. Malalaci sai ya hana shigar da alamar, ya sake wa mutane suna. Maganin gaskiya shi ne a aika umurni daban da guraben da aka bari, a aika sunan daban ya cike gurbin. Duk manhajojin rumbu na zamani suna da wannan hanya. Ba don Sa'adu kaɗai ba: ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet suke cusa nasu umurnin su kwashe rumbu ko su share shi.

Abin da ya sami sunan mutum ya sami sunan gari. Ɗan Gulbi yana fitowa Dan-Goulbi da karan tsakiya ko babu, Sabon Gari kuwa da Gidan wane ba su ƙirguwa a jihar Maraɗi. Ga kuma iyaka da ke motsi. A 2011 aka ɗaga Bermo ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ta tafi da ƙananan hukumomin Bermo da Gadabeji waɗanda a da suke ƙarƙashin Dakoro. Wanda ya jera adadin shanun da aka yi wa allura a "Dakoro" a 2010 kusa da na 2013, zai iya ganin raguwar da ba ta faru a daji ba, a kan taswira ta faru. Don haka a ajiye kowane bayani da lambar ƙauyensa ko ta ƙaramar hukumarsa, a kuma rubuta daga yaushe zuwa yaushe wurin yake ƙarƙashin wace gunduma. Ba sai an ƙirƙiro jerin garuruwa ba, tunda hukumar ƙididdiga ta INS ta fitar da kundin RENALOC bayan ƙidayar 2012. DHIS2 ma haka take yi: kowane gidan likita da lambarsa mai alama 11, a sake masa suna lambar tana nan.

Ranar haihuwa kuwa, dattawa da yawa takardarsu cewa take an haife su "wajejen" shekara kaza. Kwamfuta ba ta san wajeje ba, sai aka riƙa cike gurbin da 1 ga Janairu. Shi ya sa haɗa suna da ranar haihuwa ba ya raba gardama a nan kamar yadda yake yi a Turai: masu suna ɗaya da 1 ga Janairun shekara ɗaya suna da yawa. Ya kamata a buɗe gurbi na musamman mai nuna ranar ta tabbas ce ko ta ƙiyasi. Sa'an nan ga saɓanin jeri. Faransanci yana fara da rana, Amurka tana fara da wata, don haka 03/04/2021 a nan 3 ga Afrilu ne, a can 4 ga Maris. Idan fayil ɗin da aka rubuta da tsarin Faransanci ya faɗa manhajar da aka saita da na Amurka, lissafin a fili yake: cikin kwana 365 na shekara, 221 ranarsu ta wuce 12, za a ƙi su ko a bar su a matsayin rubutu, 12 za su shiga daidai don rana da wata lamba ɗaya ce, sauran 132 za su shige a juye ba tare da ko tari ba. Mai gyara da ya ga an ƙi kusan kashi 60 cikin ɗari na ranaku, kada ya tsaya ga waɗanda aka ƙi, ya tuhumi waɗanda aka karɓa. Tsakanin rumbu da rumbu, a yi amfani da jerin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2021-04-03.

Inda abin ya fi shafar ƴan kasuwa shi ne kuɗi da awo. A kasuwa ba a ciniki da tamma, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce, jika ɗaya dala 200. A ɗauka mai hatsi ya ce tiyar gero dala ɗari da ashirin, wato tamma 600, mai ɗaukar farashi kuma ya rubuta 120 yadda ya ji. In kasuwa goma aka haɗa, tara sun ce 600, ɗaya ta ce 120, matsakaicin farashi zai fito 552. Wannan adadi ba ya tayar wa kowa da hankali, ya yi kama da gaskiya, har a ce gero ya ɗan sauka. To, tashin farashin gero da faɗuwar na bisashe suna cikin alamun farko da masu sa ido kan yunwa suke dubawa, kuma jihar Maraɗi ba ta manta 2005 ba. Adadin da ya nuna sauƙi alhali tsada ake ciki yana iya jinkirta agaji a lokacin da kwana guda ke da daraja.

Tiya ma haka. Ana ƙiyasta ta kilo 2 da rabi na gero, 40 su cika buhu mai kilo 100, amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zama ta waccan ba. Ga naira da ke shigowa ta Jibiya da Katsina. Ƙa'idar ita ce kada adadi ya taɓa tafiya shi kaɗai: kowane adadi da gurbin ma'auninsa a gefe, dala ko tamma ko naira, tiya ko kilo ko buhu. A ajiye abin da aka ji a kasuwa yadda aka ji shi, a ajiye abin juyawa daban, na'ura ta yi lissafin. A kuma kafa mata iyaka, ta yi tsaye ta tambaya duk lokacin da farashi ya faɗi ko ya tashi ninki biyu cikin mako ɗaya. Kada wani ya ga kamar wannan tuntuɓen ƙauye ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda manhaja ɗaya tana ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin Ingilishi, ɗayar tana karɓa a matsayin ma'aunin mita.

Akwai ƙananan ƙayoyi da Excel ke shukawa, waɗanda ambato ya ishe su. A saitin Faransanci 2,5 ake rubutawa, a na Ingilishi 2.5, shi ya sa fayil ɗin CSV na wancan yake raba gurabe da waƙafi mai ɗigo, na wannan da waƙafi zalla. Lambar takarda 0045 tana komawa 45, lambar salula ta Najeriya tana rasa sifirinta na gaba, duk lambar da ta wuce alƙalami 15 kuma wutsiyarta tana zama sifiri. Abin da ba a tarawa ba a debewa, a ajiye shi a matsayin rubutu.

Rezo da wuta su ma suna da hannu. Ma'aikacin likita a ƙauye ya danna aikawa, rezo ya yanke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Can a rumbu yaro ɗaya ya zama biyu, ko biya ɗaya ya shiga sau biyu. Ba laifinsa ba ne, laifin mai tsarawa ne. Kowane bayani a ba shi lambarsa tun a kan salula ko kwamfutar da aka shigar da shi, rumbu kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu, sai a yi ta aikawa ko sau goma ba abin da zai ƙaru. Aikin da ke da rassa biyu, kamar cire kuɗi daga nan a zuba can, a ɗaure shi ƙulli guda: ko duka ya tabbata, ko in wuta ta ɗauke a tsakiya, duka ya koma yadda yake.

Idan kuma ɓarna ta riga ta auku, abin farawa da shi ƙirga ne. Layi nawa suka fita daga rumbun farko, nawa suka isa na biyu, nawa aka ƙi, jimillar kuɗin can ta yi daidai da ta nan? A Ingila, tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona ya zube a hanya, saboda ana bi da bayanin ta tsohon fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya wuce nan kuma sai ya faɗi shiru. An yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi hulɗa da su ba. Ƙirgen shiga da fita na kowace rana da ya tona abin tun ranar farko. Bayan ƙirga, a ɗauki layi ɗaya tak daga cikin waɗanda suka lalace, a bi sawunsa kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya, mataki-mataki, har a ga inda ya sauya kama. Layin da aka ƙi kada a jefar da shi. A tara shi wuri guda da dalilin ƙinsa da lokacin, domin can ne amsar take kwance. Gwaji a kan kwafi ake yinsa, ba a kan rumbun da jama'a ke aiki da shi ba, kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Kafin a ba da umurnin gyara ko na sharewa, a fara tambayar rumbu layi nawa sharaɗin zai taɓa. In ana tsammanin 3 ya ce 30,000, an tsira ke nan. Kwafin ajiya kuwa, wanda ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko akwai wani abu cikinsa ba, kuma bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar da aka kwafo shi daga gare ta ba.

Shugabannin ma'aikatu suna da nasu rabon. Sau da yawa shiri yana ƙarewa, masu kuɗi su naɗe tabarma, ƙwararren da ya gina rumbu ya koma Yamai ko ƙasarsu, a bar ma'aikata da akwatin da ba wanda ya san cikinsa. Kafin a sa hannu a kan takardar karɓar aiki, a nemi abu uku a rubuce, a sa su cikin kabad mai makulli: kundin da ke bayyana kowane gurbi da ma'anarsa da ma'auninsa, kalmar sirrin babban mai kula da rumbun, da hanyar fitar da dukan bayanin zuwa fayil ɗin da wata manhaja daban za ta iya karantawa. Na ukun a sa a gwada shi a gaban ma'aikacin da zai gaji aikin, tun ƙwararren bai hau mota ba.